Tamanin da Huɗu

Na hau mota tun da asuba daga Puno,
akwatin gwaji a cinyata kamar jinjiri:
tubalan katako ja da fari, agogon ƙidayar daƙiƙa,
da littafin da aka rubuta a wata ƙasa
inda yara ba su taɓa shaƙar iskar Titikaka ba.

Makarantar tana bakin ruwa, rufin kwano.
Malam Ticona ya buɗe mini ɗakin ajiyar tsintsiya,
ya ce, "Ga Saturnino Llanqui, shekara tara,
ba ya buɗe baki a aji.
Ki auna mana shi, mu san inda za mu aje shi."
Kamar buhun dankali yake nufi,
shi kansa bai ji nauyin maganar ba.

Yaron ya shigo, hular ulu har kunne,
sanyi ya ƙage masa yatsu.
Na danna agogo. Ya fara duban agogon.
Sannan ya jera tubalan, ɗaya bayan ɗaya,
a natse, kamar mai ɗinke komar kamun kifi.
Zane ya fito cif, babu kuskure,
sai dai daƙiƙa shida sun haura iyaka,
littafi kuwa ya ce wanda ya makara bai ci ba.

Na tambaye shi da Sifaniyanci,
"Me ya haɗa fiyano da ganga?"
Leɓensa ya motsa da Aimara, harshen kakarsa,
yana nema wa amsar rigar aro.
Kafin ta sa wuya na juya shafi.

Na karanto lambobi, ya maido su ta baya,
bakwai reras, ko tuntuɓe babu.
Na ɗaga kai. Sai cikinsa ya yi ƙugi.
Mu biyun muka ji, muka yi kamar ba mu ji ba.

A bakin ƙofa ne ya ce ƙanwarsa ta kwana tari,
shi ya riƙe wa uwarsu fitila har zakara ya yi cara.

Na tara, na duba jadawali: tamanin da huɗu.

Ni ma an auna ni ina 'yar tara, a Arequipa.
Ɗari da ashirin da ɗaya.
Lambar ta buɗe mini ƙofar makarantar kwana,
ta biya mini takalma da littattafai.
Gwaggo Herminia tana shara a wani asibiti,
ita ta tsinto mini irin tubalan nan a kwandon juji,
na yi damina guda ina wasa da su a ƙarƙashin gado.
Shekara talatin ke nan, ban faɗa wa kowa ba.

Ba na zagin sikeli.
Abin da aka ɗora masa shi yake faɗa,
ya kuma sha tsamo yaron da aka yi wa kallon wawa.
Amma mai awon hatsi ya sani,
damshi na ƙara nauyi, iska na rage mudu,
hannun mai awo ma yana cikin awo.
Tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya,
lamba ɗaya ta isa ta tura yaro kujerar baya
inda ba a sake kiran sunansa.

Takardar hukuma gida ɗaya ta tanada.
Na rubuta lambar, don aikina ne,
na bi gefe da ƙananan baƙaƙe:
bai yi barci ba, bai karya ba, ɗakin ƙanƙara ne,
harshen gwajin ba nasa ba ne.
Zan dawo Alhamis da hantsi,
da burodi, da mai jin Aimara.

A mota, tafkin yana bin taga,
na ji wani abu na bugawa a aljihuna.
Agogon ne, yana ta ƙirga wa Saturnino lokaci.
Ashe ban tsai da shi ba.